Lissafin Kusurwa Ya Fito Fili A Allon Kwamfuta

Cikin darussan lissafi da a ke koyarwa a makarantun sakandare, da wuya a sami wanda ya ke cin lokacin malami da na yara kamar zanen sayin da kosayin. Malami zai sa yaro ya shirya jadawali daga digiri 0 zuwa digiri 360, yana tsallake talatin-talatin, watau wurare 13 ke nan. Yaro zai duba ƙimar kowane wuri, ya ɗiga ta a takarda mai ƙananan gidaje, sa'an nan ya haɗa ɗige-ɗigen da fensir. Kafin ya gama an buga ƙararrawa, ga shi kuwa zane ɗaya tak ya samu. In aka tambaye shi yadda zanen zai zama idan aka ninka lambar da ke gaban x, ba shi da amsa sai ya sake sabon jadawali da sabon zane. Saboda haka yawancin yara su kan haddace ƙa'idodin kurum, su shiga jarrabawa da su, su fito su manta.

Yanzu akwai hanyar da yaro zai ga zane ɗari cikin minti ɗaya, yana juya lambobin da hannunsa, zanen yana sākewa a gaban idonsa. Mun ga ya kamata mu bayyana wa malamai da akawuna masu karanta wannan shafi yadda abin ya ke, da yadda a ke haɗa shi, da wuraren da ya kan yaudari mai gaggawa.

MENE NE SAYIN?

A kifar da keke, a dubi ƙafar gaba, a sa ido a kan bawul ɗin taya. Mu ɗauka nisan da ke tsakanin cibiyar ƙafar da bawul ɗin shi ne 1. A fara da bawul yana daidai da cibiya ta hannun dama, sa'an nan a juya ƙafar a hankali, bawul ya nufi sama. In an juya digiri 30, tsayinsa bisa cibiya rabi ne. A digiri 90 ya kai ƙololuwa, tsayinsa 1. A digiri 180 ya sauko daidai da cibiya ta hannun hagu, tsayinsa sifiri. A digiri 270 yana can ƙasa, watau −1, a digiri 360 kuma ya komo mafarinsa. To, wannan tsayi na bawul bisa cibiya ko ƙarƙashinta shi ne sayin na kusurwar da aka juya. Nisansa daga cibiya zuwa dama ko hagu shi ne kosayin. In aka raba sayin da kosayin sai a sami tanjan.

In aka jera kusurwoyin a layin kwance, aka ɗiga tsayin kowace a samanta ko ƙasanta, sai a sami layi mai hawa da sauka kamar igiyar ruwa, yana maimaita kansa bayan kowane digiri 360. Wannan layi shi ne abin da mu ke magana a kansa.

Ilmin ya daɗe. Batlamus na Iskandariyya ta ƙasar Masar ya shirya jadawalin kusurwoyi wajen shekarar 150 ta Miladiyya, don lissafin tafiyar taurari. A shekarar 499 wani masanin Indiya mai suna Aryabata ya rubuta jadawali mai ƙima 24 na abin da a yau mu ke kira sayin. Mutanen Indiya suna kiransa jiya, watau tsarkiyar baka. Da Larabawa suka ɗauki ilmin suka rubuta kalmar da baƙaƙe uku ba wasali, sai masu karatu suka riƙa karanta ta jaib, wadda ma'anarta wuyan riga ko aljihu. Masu fassara zuwa Latin a ƙarni na 12 suka bi wannan ma'ana suka ce sinus, watau lanƙwasar tufa, daga nan sunan ya bazu cikin harsunan Turai. Abin sha'awa a gare mu shi ne kalmarmu ta aljihu daga wannan al-jaib ta fito, ashe sayin da aljihu tushensu ya haɗu.

Malamai irin su Al-Battani, wanda ya rasu a 929, da Abul Wafa na Bagadaza, wanda ya rasu a 998, sun kyautata jadawalan nan ƙwarai, gama da su a ke fitar da lokutan salla da alƙibla. Amma dukansu da jadawali su ke aiki. Sai wajen shekarun 1630 ne wani Bafaranshe mai suna Roberval ya zana layin mai hawa da sauka. A 1822 kuma wani Bafaranshen, Fourier, ya buga littafinsa a kan tafiyar zafi, inda ya nuna yadda a ke harhaɗa sayin da kosayin masu yawa a fitar da siffar abubuwa masu maimaita kansu. A kan wannan ne aikin rediyo da na sauti da na lantarki suka dogara har wa yau.

LITTAFIN AIKI NA KWAMFUTA

Abin da a ke yin zanen a cikinsa sunansa Jupyter. Shafi ne a allon kwamfuta wanda aka kasa akwati-akwati. A wani akwati mutum ya rubuta bayani da harshen da ya ga dama, har da Hausa. A wani kuma ya rubuta umarni ga kwamfuta, ya danna, amsar ta fito nan take a ƙarƙashin akwatin, ko lamba ce ko zane. Bayani da aiki da sakamako duk suna wuri guda, kamar littafin aikin yaro mai tsabta.

Harshen da aka fi ba da umarnin da shi shi ne Python, wanda Guido van Rossum, mutumin ƙasar Holan, ya fitar a 1991. A 2001 wani ɗalibi ɗan ƙasar Kolombiya mai suna Fernando Pérez, yana karatun kimiyya a Jami'ar Kolorado ta Amurka, ya fara wani shiri mai suna IPython don sauƙaƙa wa kansa aiki. Da abokan aiki suka taru a kansa, sai suka fitar da littafin aikin a ƙarshen 2011, a 2014 kuma aka raɗa masa suna Jupyter. An tsinto sunan ne daga harsunan kwamfuta uku, Julia da Python da R, kana an yi shi don tunawa da littattafan da Galileo ya rubuta abin da ya hango na watannin da ke kewaya duniyar Jufita a 1610. Kyauta a ke samunsa, ba a biyan ko kwabo.

Akwai mataimaka uku da a ke kira cikin aikin. NumPy shi ne mai lissafi, yana iya fitar da sayin na kusurwa dubu a bugu ɗaya. Matplotlib shi ne mai zane, wanda John Hunter ya fara a 2003. Na uku shi ne ipywidgets, mai kawo maɓallan da a ke ja. Maɓallin nan ɗan siririn layi ne da ɗan dunƙule a kansa, a kan ja dunƙulen dama ko hagu da linzamin kwamfuta, lambar da ke gefensa tana ƙaruwa ko tana raguwa. Akawun da ya taɓa tura ƙarfen nan na hannun sikelin awon gyaɗa har ya tsaya daidai ya riga ya san irin aikinsa.

YADDA A KE HAƊA SHI

Duk umarnin ba ya kai layi ashirin. Da farko a kira mataimakan nan uku. Sa'an nan a sa NumPy ya jera kusurwoyi daga 0 zuwa 720, kamar guda 1,000 masu tazara ɗaya, da umarnin da a ke kira linspace. Bayan haka a rubuta ƙa'idar da a ke so a zana, wadda ita ce:

y = A sin(Bx + C) + D

A sa Matplotlib ya zana y bisa x, a kuma tsayar masa da iyakar sama da ta ƙasa. Daga ƙarshe a miƙa aikin ga umarnin interact na ipywidgets, a faɗa masa iyakar kowane harafi: A daga 0 zuwa 5, B daga rabi zuwa 6, C daga −180 zuwa 180, D daga −3 zuwa 3. Shi ke nan, sai maɓallai huɗu su bayyana tare da zanen. Duk sa'ad da aka ja ɗaya, kwamfuta ta kan sake lissafin ɗige-ɗigen nan 1,000 ta sake zanen kafin ƙiftawar ido.

AIKIN MAƁALLAI HUƊU

Maɓallin A shi ne na tsayi. In A tana 1, layin yana hawa zuwa 1 yana sauka zuwa −1. A ja ta zuwa 3, sai tuddai su ƙara tsawo, kwaruruka su ƙara zurfi, amma wuraren da layin ya ke ratsa tsakiya ba su gusa ko kaɗan. A mai da ita sifiri, layin ya kwanta sambal. Watau A ita ce girman ƙafar keken.

Maɓallin B shi ne na sauri, yana nuna zagaye nawa a ke yi cikin digiri 360. In B tana 2, tuddai biyu za a gani a inda dā ɗaya ya ke, tsawon kowane zagaye ya zama 180. In tana 3 ya zama 120, in rabi ce ya zama 720. Ƙa'idar ita ce a raba 360 da B. Yara da yawa su kan zaci ƙara B zai miƙar da layin, sai su ga takura shi ya ke yi, kuma wanda ya gani da idonsa ba ya sake ruɗewa.

Maɓallin C shi ne na mafari, yana gusar da layin duka gefe ba tare da ya taɓa siffarsa ba. Abu biyu ne za a lura da su a nan. Na farko, ƙara C hagu ya ke kai layin, rage ta kuwa dama. Na biyu, nisan gusawar shi ne C a raba da B, saboda haka in B tana 2, C tana 60, digiri 30 kaɗai layin zai gusa. In malami ya sa an zana kosayin da wani launi a tsaye wuri ɗaya, ya sa yaro ya riƙa jan C a hankali, za a ga sayin ya hau kan kosayin daidai wa daida sa'ad da C ta kai 90. Daga ranar yaro ya san layi ɗaya ne, mafari ne ya bambanta.

Maɓallin D yana ɗaga layin duka sama ko ya sauke shi ƙasa. Ƙololuwa ita ce D a haɗa da A, ƙarshen ƙasa kuma D a ɗebe A. In A tana 3, D tana 2, layin zai riƙa kai da kawowa tsakanin 5 da −1.

TSAWON YINI A KANO DA LANDAN

Kada a bar haruffan nan huɗu su zauna ba su da ma'ana. Ga misali da kowa ya sani. Birnin Kano yana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Yini mafi tsawo a can, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, yana zuwa wajen 21 ga Yuni, kusan awa 12 da minti 50. Mafi gajarta yana zuwa wajen 21 ga Disamba, kusan awa 11 da minti 25. Tsakaninsu kuwa yinin yana ƙaruwa yana raguwa bisa layi mai kama da na sayin ƙwarai.

A mai da layin kwance ya zama kwanakin shekara, daga 1 zuwa 365. Tun da zagaye ɗaya a ke yi a shekara, B ita ce 360 a raba da 365, watau kusan 0.986. Tsaka-tsakin tsawon yini, watau D, kusan awa 12.1 ne. Rabin bambancin da ke tsakanin mafi tsawo da mafi gajarta, watau A, kusan awa 0.7 ne. Layin yana ratsa tsakiya yana hawa wajen 21 ga Maris, rana ta 80 a shekara, saboda haka C kusan −79 ce. Malami ya ɗiga ainihin tsawon yini na wata-wata a kan zanen, ya bar yara su yi ta jan maɓallan har layin ya bi ta kan ɗige-ɗigen. Lambobin da suka tsaya a kansu su ne waɗannan da muka lissafa.

Sa'an nan a tambaye su wane maɓalli za a ja in a na son a koma Landan, inda yini ya kan wuce awa 16 da rabi a Yuni, ya kasa awa 8 a Disamba. B da C suna nan yadda su ke, gama shekara ɗaya ce, rana ɗaya ce. D kusan ba ta motsa ba. A ce kaɗai za ta tashi daga 0.7 zuwa wajen 4.4. Ga garuruwan da ke kudu da layin raba duniya, kamar na Afirka ta Kudu, sai A ta koma ƙasa da sifiri, layin ya kife, don Disamba ne lokacin dogon yininsu. Da maɓalli ɗaya yaro ya koyi lissafi ya koyi labarin ƙasa.

Wutar lantarki ma haka ta ke. Wadda a ke rabawa a gidaje a Nijeriya da Ingila tana kai da kawowa sau 50 cikin daƙiƙa ɗaya, ta Amurka sau 60, kuma siffarta ta sayin ce. Wutar da a ke kira ta bolt 230 ƙololuwarta ta kan kai kusan 325. A nan A ita ce 325, yawan kai da kawowar kuwa shi ke fitar da B.

WURAREN DA A KAN YI TUNTUƁE

Kwamfuta abin da aka gaya mata ta ke yi, ko daidai ne ko kuskure. Akwai ramuka biyar da mu ke so malamai su sani tun kafin su tsaya gaban aji.

Na farko, NumPy ba ya auna kusurwa da digiri, da radiyan ya ke aunawa, inda digiri 180 ya ke daidai da radiyan 3.1416. Wanda ya nemi sayin na 90 yana jiran 1, sai a ba shi 0.894, domin an ɗauka radiyan 90 ya ke nufi. Maganin abin shi ne a juya digiri zuwa radiyan da umarnin radians kafin a nemi sayin.

Na biyu shi ne ya fi yaudara. In ba a tsayar da iyakar sama da ta ƙasa ba, Matplotlib ya kan daidaita ma'aunin gefe da kansa don zanen ya cika fili. Sai yaro ya ja A daga 1 zuwa 5, ya ga layin bai sāke ba ko kaɗan, lambobin gefe ne kawai suka canja, shi kuwa ba su ya ke kallo ba. Da haka sai ya tashi da tunanin A ba ta da wani aiki. Lalle a tsayar da iyaka, misali daga −8 zuwa 8.

Na uku, ƙarancin ɗige-ɗige. Kwamfuta miƙaƙƙun layuka ta ke ja tsakanin ɗigo da ɗigo, yawansu ne ke sa ido ya ga lanƙwasa. In aka ba ta wurare 13 na jadawalin aji, masu tazarar digiri 30, aka kai B zuwa 6, kowane ɗigo zai faɗa kan sifiri, sai ta zana layi a kwance alhali akwai tuddai shida da ta tsallake. Don haka ne muka ce a ba ta 1,000.

Na huɗu, tanjan. A digiri 90 da 270 kosayin sifiri ne, ba a kuwa raba lamba da sifiri, saboda haka tanjan ba shi da ƙima a wuraren nan. Amma kwamfuta ba ta riƙe radiyan cif-cif, sai ta ba da wata ƙatuwar lamba, kuma ta kan ja layi a tsaye ta haɗa reshen da ya hau sama da wanda ya ɓullo daga ƙasa. Wannan layi ba ya cikin tanjan. Sai a umarce ta ta bar gurbi a duk inda ƙimar ta wuce iyaka, a kuma bayyana wa yara dalili.

Na biyar, littafin aikin yana tuna duk abin da aka taɓa gaya masa, ko da an goge akwatin da aka rubuta shi. Mutum zai iya gyara akwati na sama ya manta bai danna shi ba, na ƙasa ya ci gaba da aiki da tsohuwar lamba. Kafin shiga aji a sa littafin ya sake aiki tun daga akwatin farko har na ƙarshe.

SHAWARA GA MALAMAI

Gani ya kori ji, amma kallo kaɗai ba ya zama ilmi. Yaron da aka sakar wa maɓallai huɗu zai yi ta jan su yana jin daɗin rawar da layin ya ke yi, ya tashi bai ƙaru da kome ba. Abin da ya ke sa darasin ya zauna shi ne a tambaye shi tukuna. Malami ya ce zai kai B daga 1 zuwa 3, kowa ya zana abin da ya ke tsammani a littafinsa. Sai an gama, sa'an nan a ja maɓallin. Wanda ya dace ya sami tabbaci, wanda ya kuskure ya ga inda tunaninsa ya karkace, kuma shi ne ma zai fi riƙe darasin.

A riƙa jan maɓalli ɗaya a lokaci ɗaya, sauran uku suna tsaye. A bar ainihin layin sayin a kan zanen da launi mai haske, don a riƙa gwada sabon da shi. Daga baya a juya tambayar, malami ya nuna zane ya rufe lambobin, yara su faɗi A da B da C da D.

Kada kuma a yar da fensir. A ɗakin jarrabawa takarda mai ƙananan gidaje za a ba yaro, ba kuwa wanda zai gane abin da kwamfuta ta ke yi in bai taɓa shirya jadawali ya ɗiga da hannunsa ba. Zanen farko na hannu ne, sauran casa'in da tara a bar wa na'ura.

Game da kayan aiki, kwamfuta ɗaya ta isa aji in an tara yara kashi-kashi. Akwai wani ƙunshi mai suna Anaconda da ya haɗa Python da Jupyter da mataimakan, in an sauke shi sau ɗaya ba a sake bukatar intanet. Colab na kamfanin Google yana yin aikin ba tare da an sauke kome ba, amma shi sai da intanet. Malamin da bai shirya rubuta umarni ba tukuna yana iya farawa da GeoGebra, wanda Markus Hohenwarter ya fara a ƙasar Ostiriya a 2001, shi ma yana da irin maɓallan nan, yana kuma aiki a wayar hannu. Fifikon littafin aiki shi ne yaro yana ganin umarnin da ya haifi zanen, yana iya gyara shi, ta haka ya fara koyon sarrafa kwamfuta bai ma ankara ba.

Daga cikin yaran da ke zaune a azuzuwanmu ne za a sami safiyo da injiniyoyin lantarki da masu aikin rediyo da masu duba yanayi, kuma babu ɗaya cikin sana'o'in nan da za ta yiwu ba tare da wannan layi ba. Muna roƙon malaman lissafi su gwada darasin tsawon yini da lambobin garinsu, malamin da ya haɗa littafin aiki mai kyau kuma ya ba 'yan'uwansa na makarantun da ke kusa su kwafa.